Dodon Ƙanƙara da Ɗan Farin Alhaji Garba

Tun da na dawo daga ƙasar Sin mutanen majalisarmu ba su bar ni na huta ba. Kullum bayan la'asar sai wani ya ce, "Alhaji Sule, a maimaita mana labarin dodon ƙanƙara." Ni na jawo wa kaina, don tun makon da muka sauka na ba su gefen da ake dariya, wato yadda dattawa biyu masu furfura suka ɗora jar rigar sanyi a kan babbar riga suka hau jirgin wasan yara. Sauran na riƙe a cikina. Yanzu da Allah ya yi wa abokin tafiyata Alhaji Garba rasuwa, na ga gara in rubuta shi tun daga farko.

Alhaji Garba Baduku ne, ɗinkin jakar fata ya gada a cikin birnin Kano. Ni Bazazzage ne, fatauci ya yi ta yawo da ni daga Kumasi zuwa Abijan, daga Jidda zuwa Santambul, shi kuwa in ka cire Makka bai taɓa ƙetare iyaka ba. Tun muna samari yake kirana bawansa, ni ma ina kiransa bawana, kamar yadda Kanawa da Zazzagawa suka saba.

Babban ɗansa Habibu ɗan fari ne, kun kuwa san abin da wannan yake nufi a gida irin nasu. Tun ranar suna Garba bai taɓa furta sunan ba. A wurin kakarsa yaron ya tashi. Har ya yi gemu "yaron nan" yake ce masa, in ya shigo zaure gaisuwa sai uban ya mai da ido kan tabarma. Wani attajiri ya tura Habibu Guangzhou sayen jakunkuna, ya ji yaren, ya zama shi ke saya wa 'yan kasuwar Kano kaya yana lodawa. Shekaru suka yi ta wucewa, kaya na zuwa, shi ba ya zuwa. Ciwon suga kuma ya fara cin Garba, ƙafa na kumbura.

Ran nan ya same ni ya ce, "Bawana, za ka raka ni in ga masu jakar robar nan da suka kashe mana kasuwa."

Na ce, "Jaka kaɗai za mu gano?"

Ya ce, "In mun je kai za ka yi magana. Gida na buƙatar babba."

Muka tashi farkon damina, shekarar da ta biyo bayan Turawan Ingila sun mayar da Hong Kong. Daga Kano sai Legas, daga nan muka yada zango a ƙasar Larabawa, sannan muka miƙa. Na sha hawa jirgi, amma ban taɓa ganin sauka irin ta Hong Kong ba. Jirgin ratsa tsakanin dogayen gidaje yake yi, har kana hango shanyar mutane ta taga. Garba ya runtse ido yana ta salati, da muka taɓa ƙasa ya buɗe ya ce, "Direban nan Bazazzage ne, ba ya ganin hanya sai lungu."

Daga can jirgin ƙasa muka shiga. A bakin iyaka wani ɗan kwastan ya buɗe jakar Garba ya ci karo da huhun goro. Na gwada masa Turanci, na gwada Faransanci, har Larabci na jefa, ko gezau. Sai Garba ya ɓare ɗaya ya ci, ya miƙa masa ɓari. Mutumin ya gatsa, fuskarsa ta tattare, abokan aikinsa suka bushe da dariya, aka bar mana goronmu. Amma ƙunshin kilishin da ke ƙasa, shi kam suka ce nama ba ya shiga. Garba ya tsaya yana kallon yadda aka jefa shi a kwando.

Na ce, "Haba, don kilishi?"

Ya ce, "Na yaron nan ne. Uwarsa ce ta ce a kawo masa."

Bayan mun dawo ne na ji daga bakin Hajiya, uwar Habibu, cewa ita ba ta aika da kilishi ba. Shi ya je da ƙafarsa mai ciwo ya tsaya aka gasa.

Tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou ban ga abin da zan kwatanta ta da shi ba sai Mina ranar jifa. A cikin wannan turmutsutsu Habibu ya ɓullo cikin kwat da wando, ya zube ƙasa ya gaida ubansa. Mutanen garin suka yi cirko-cirko suna kallon ƙato ya durƙusa. Garba ya dubi akwatinsa ya ce, "An same ku lafiya?" Iyakar abin da ya ce ke nan, bayan shekarun nan duka. Ni Habibu ya rungume.

Masaukinmu wani otal ne mai hawa da yawa. Katifarsu kamar an shimfiɗa zane a kan dakali, kuma kowace safiya sai a ajiye maka filas na tafasasshen ruwa, don su ba sa shan ruwan sanyi ko ana zafin da ya fi na Legas. Kalmar da na fara koya ita ce "meyo", wato babu. Ka tambayi cokali, meyo. Ka tambayi buta, meyo. Abinci kuwa sai a wurin wasu Musulmi 'yan arewacin ƙasar masu farar hula, waɗanda ke jan taliya da hannu tana tsawo kamar igiyar guga. Aka kawo mana da 'yan sanduna biyu. Garba ya juya su, ya ajiye, ya wanke hannu ya sa a kwano. Mai shagon ya kira matarsa ta zo ta gani. Habibu kuwa ya ɗauki nasa kwanon ya koma wani tebur can gefe ya juya mana baya, yadda ɗa mai tarbiyya zai yi. Mai shagon ya tambaye shi da yarensu ko faɗa suka yi da tsohon.

Na ce, "Me ka ce masa?"

Ya ce, "Na ce masa girmamawa ce, Baba. Ya ce su in suna girmama uba kusa da shi suke zama."

Muka je Shiling a mota, garin jakunkuna. Mai masana'antar da Habibu ke hulɗa da shi wani gajere ne mai fara'a, kowa na ce masa Loban, wato maigida. Garba ya ɗauki jaka ɗaya ya shinshina ya ce, "Wannan ko akuya ba ta taɓa gani ba." Amma ya daɗe yana bin ɗinkin da babban yatsa, daga baya ya ce da ni a hankali, "Hannunsu bai karkace ba." Aka zauna shan shayi a 'yan ƙananan kofuna. In an zuba maka sai ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiyarsu ke nan. Loban na da babban ɗa, magidanci, wanda ke kula da ma'aikata. Ban ƙirga sau nawa ya ƙwala masa kira da sunansa ba a zaman nan, ya ja kunnensa, ya ɗebo nama daga kwanonsa ya zuba masa. Na lura Habibu ya daina fassara, yana kallonsu.

Maganar da aka kawo ni in yi, a Huangpu na yi ta, tashar jiragen ruwa, muna jiran a rufe kwantena. Wani Alhaji ɗan zangon Kumasi mai aikin lodi ya ja Garba da hira yana tsokanarsa wai Kanawa sun zo Sin sayen abin da kakanninsu suka koya wa duniya. Na ja Habibu gefe na ce masa ubansa ba shi da lafiya, gida na nemansa.

Ya ce, "Shi ya ce, ko kai ka ce?"

Na ce, "Shi ya aiko ni."

Ya mai da ido kan ruwa. Can ya ce, "Baba, na san kunya ce. Ban ce ba ya ƙaunata ba. Amma ƙannena yana kiransu, yana yi musu faɗa, yana dariya da su. Ni ko zagi ban taɓa samu da sunana ba. A nan ina da aiki, ina da mutunci. In yana so in bar wannan duka, ya faɗa mini da bakinsa, ko sau ɗaya ne."

Da na kai wa Garba, sai ya fusata. "Ni zan tsaya gaban ɗan da na haifa ina roƙo? Ubana bai yi wa yayana haka ba. Na bar Kano da wannan ƙafar na zo ƙarshen duniya. Zuwan ba magana ba ne?"

Na ce, "Magana ce, amma da yaren da ya fara mantawa."

Ya ce, "To ya tuna."

A haka muka tsaya har tafiya ta kusa. Sai Loban ya ce ba zai bari baƙinsa su koma ba su ga gari ba. Al'adarsu ce, wanda kuke ciniki da shi sai ya fita da kai ya kashe maka kuɗi, in ka ƙi ka ci fuskarsa. Ya kwashe mu zuwa wani makeken wurin wasa a bayan gari, mai lilo iri-iri da tafki da 'yan jiragen ruwa. Da ya ji Garba bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, sai ya tafa hannu ya nufi wani dutse da aka gina da siminti aka shafe da farin fenti. A bakin ƙofa aka ba kowa jar rigar sanyi mai kauri. Ka ga Alhaji Garba, babbar riga ta leƙo ta ƙasa, hula zanna a sama, ja a tsakiya. Na ce, "Bawana, yau ka zama dogarin Sarkin Zazzau." Ya ce in bari mu fita.

Kafin a kai ga jirgin wasan da ke ratsa cikin dutsen sai an bi wani dogon soro mai duhu-duhu, ana sako kukan iska ta lasifika. A bango an zana labarin wani dodon ƙanƙara, Habibu na karantawa yana fassara mini, uban na biye a baya. Wai can yammacin ƙasar akwai duwatsun da ƙanƙararsu ba ta narkewa, a nan yake. Ya fi ƙofar gari tsawo, gashinsa fari har ƙasa. Tafin ƙafarsa baya yake kallo, saboda haka duk maharbin da ya bi sawunsa nesa da shi yake ƙara yi. In ya biyo ka, gangara za ka yi, don gashin goshinsa zai rufe masa ido. Har sun ajiye sawun ƙafarsa na siminti, da wani tullin gashi a cikin gilashi wanda na tabbata na tunkiya ne.

Na taɓa jin makamancin wannan a Makka daga bakin wani alhaji mutumin waɗancan duwatsu, shi ma ya ambaci juyayyar ƙafa. Amma na nan ya ɗara da abu guda. Dodonmu na tatsuniya haɗiye mutum yake yi, sai an farke cikinsa a fito da shi. Nasu ba ya cin kowa. Fataken da suka rabu da ayari yake ɗauka ya kai kogonsa, ya ba su abinci, ya ba su wurin kwana mai ɗumi. Suna nan zaune lafiya har su manta garinsu, su manta sunansu, farin gashi ya fito musu, su zama irinsa. Magani ɗaya ne, wani na jininsu ya hau dutsen ya tsaya a bakin kogo ya kira su da suna. In suka amsa, dodo ba shi da iko a kansu.

Habibu ya karanto wannan da murya ƙasa-ƙasa, bai waiwaya ba.

Na sa ya tambayi Loban ko gaskiya ne. Loban ya yi dariya ya ce rabi na mutanen dutse ne, rabi masu wurin suka ƙara don a sayi tikiti. Amma kiran suna, in ji shi, wannan nasu ne na gaske. A ƙauyensu in yaro ya firgita ya kasa barci, cewa ake kurwarsa ta gudu, sai uwarsa ko ubansa ya ɗauki rigarsa ya tsaya a ƙofar gida yana kiran sunansa yana cewa dawo gida. Shi ma an yi masa. Ya tambaye mu yaya muke yi a ƙasarmu.

Garba na tsaye kan sawun siminti kamar mai auna fata. Ya ce, "Tatsuniya da rana tsaka. Mu wuce."

Jirgin ƙananan taragai ne a jere, kowanne mutum biyu. Garba ya kama hannuna za mu shiga tare, sai Loban ya fizge ni yana surutu, ya tura Habibu kusa da ubansa. A ganinsa alheri ya yi, uba da ɗa wuri guda. Kafin wani ya yi magana wata ma'aikaciya ta sauke ƙarfe ta danne su. Ina tarago na bayansu, ina ganin yadda kowannensu ya manne da nasa gefen don kada kafaɗa ta taɓa kafaɗa.

Muka shiga kogo. Sanyi ya doke mu, wani farin gari mai laushi yana zubowa daga sama. Na ga Garba ya tara hannu, ya kai kusa da ido yana dubawa. Jirgin ya yi ta hawa a hankali, ya tsaya cak. A gabanmu titin ya karye, ƙarafa sun lanƙwashe sama. Fitilu suka mutu. Sai muka ji mun zube da baya a guje, ga wani ruri da ya cika kogon, ga jajayen idanu biyu sun buɗe a sama. Wani hannu mai farin gashi, girmansa kamar reshen kuka, ya sauko daidai gefen da Habibu yake.

"Habibu! Habibu!"

Muryar Garba ce, irin wadda rabona da jinta tun muna samari. Wani haske ya walƙa, jirgin ya karkata, sai ga mu a waje cikin rana, Loban na dariya har da hawaye.

Ashe hasken nan hoto ne. A bakin fita an jera akwatunan talabijin, kowane tarago da nasa, wanda ya so ya saya a wanke masa. Na ɗaga kai na ga nasu. Hular Garba ta tafi. Hannunsa ɗaya ya rungumo kan Habibu ya danna a ƙirjinsa, ɗayan ya ɗaga sama ya tare dodon, bakinsa a buɗe. Fuskar Habibu rabi kawai ake gani, ido a rufe, kamar jinjiri a bayan uwa.

Loban ya zaro kuɗi yana nuna hoton, zai saya mana kyauta. Garba ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "A gaya masa ya bari."

Na ce, "Alhaji, hoto ne kawai."

Ya ce, "Sule, in hoton nan ya shiga Kano, ni da kai har abada." Ban taɓa jin ya kira ni Sule haka ba, babu wasa a ciki. Habibu ya yi wa yarinyar da ke sayar da hotunan magana, ta danna wani abu, hoton wasu mata da miji ya maye gurbinsa.

A mota na so in sassauta zaman, na ce, "Bawana, ashe kana da murya."

Ya ce, "Salati na yi."

Ranar da za mu taso, a tashar jirgin ƙasa, Habibu ya durƙusa yin sallama. Garba ya dube ni ya ce, "Ka gaya masa ɗakinsa na nan, an yi masa sabon daɓe."

Habibu ma ni ya duba. "Baba, ka gaya masa in na sallami kayan mutane ina tafe. Da ni za a yi azumi in Allah ya so."

Garba ya gyaɗa kai, ya shige jirgi. Har muka kai iyaka fuskarsa na jikin taga.

Kayan mutane ba su sallamu da wuri ba, jirgin ruwa ya yi jinkiri, takardu suka riƙe shi. Ciwon Garba ya tashi cikin Sha'aban, kwana kaɗan ya yi a asibiti. Habibu ya iso an riga an yi sadakar uku.

Da mutane suka ragu ya same ni a zauren gidansu, ya zauna a inda ya saba durƙusawa. Ya ce washegarin ranar nan ya koma wurin wasan shi kaɗai neman hoton. Yarinyar ta ce meyo, kullum in an tashi suke gogewa. Ni ma a daren na yi tunanin in saya in ɓoye a Zariya, inda Garba ba zai taɓa sani ba, amma na ce gobe.

Ya ce, "Baba, akwai ƙarar inji a wurin, ga rurin abin nan, ga ihun mutane. Wani lokaci sai in ce ko kunnena ne ya ƙirƙira. Kai kana bayanmu. Ka ji?"

Na ce, "Na ji. Sau biyu."

Ya ce, "Yaya ya faɗe shi?"

Na gwada in kwaikwaya masa, amma ba irin muryar ba ce.

Habibu bai koma Sin ba, shi ke riƙe da gidan yanzu. Duk Juma'a bayan masallaci yakan biyo ya gaishe ni, mu taɓa hirar kasuwa. Wani lokaci in zai tashi sai ya tsaya yana gyara takalmi, ya sake yi mini tambayar nan, ni kuma in sake ba shi amsa. Loban ba ya jin Hausa, hoton an goge. Ni kaɗai na rage da na ji, ga shi kuwa na girmi Garba.